Gyare a kunnena, da kiɗan da babu mawaƙi

Salamu alaikum jama'ata. Ni ce dai Hadizarku ta Kamarawa, ban mutu ba. Na ga saƙonninku, masu "ina kika shige" da masu "ko an yi biki ba gayya". Ba biki ba ne wallahi, jinya ce. Har yanzu a gajiye nike, ku yi haƙuri da rubutun.

Da ciwon kai abin ya fara, cikin zafin nan da ruwa ya ƙi sauka. Na ɗauka rana ce. Na sha farasitamol na ɗaure kai tamau. Sai zazzaɓi, sai amai, sai wuyana ya sandare.

Inna tac ce da Baba, "Malam, wagga ɗiya ta wuce jiƙo. A nemo mota."

A asibitin garin Isa sunka duba ni sunka ce sai Sakkwato. Hanyar ban san yadda munka bi ta ba.

Sankarau ne.

An lanƙwasa ni an soka mani allura a gadon baya an ɗebi ruwa. Ƙarin ruwa, allurai safe da yamma, har hannuwana sunka kumbura. Tumakin Inna duk sun tafi wurin magani, ga su ramammu, ko daraja ba su yi ba. Wadda ke gadon kusa da ni da safe munka gaisa, da la'asar anka naɗe katifarta. Na ji tsoro ƙwarai.

Allah ya tashe ni. Amma kunnen hagu bai tashi ba.

Da shiru ya yi ma da sauƙi. Wani kuka ya shiga cikinsa kamar na gyare, tsiiii, ba tsayawa. Ina cin abinci shina yi, ina salla shina yi. Wuri na yin tsit sai ya ƙaru.

Likitan kunne ya sa mani wani abu a kai, in na ji ƙara in ɗaga hannu. Ta hagu hannuna bai tashi ba. Yac ce, "Wanga kunne ba za shi dawo ba. Kukan kuma kar ki yi faɗa da shi. Ki bar zama cikin shiru, ki sa wani sauti ƙasa-ƙasa. Amma ban da iyafis, ki lallaɓa na daman."

Na gwada waƙoƙina, baitocin sunka riƙa sara mani kai. Rediyo surutu. Sai wata nas, Allah ya yi mata albarka, ta tura mani wani kiɗa a waya, ta ara mani 'yar sifikarta. Wai ambiyan ake ce mashi, da kwamfuta ake haɗa shi, da ɗan salon kiɗan tekno a ciki.

Jama'a, ba mawaƙi, ba amshi, ba abin rawa. Wani gurnani ne mai duhu, dogo, kamar ka leƙa tsohuwar rijiya. Can ƙarƙashi akwai bugu, dum, dum, kamar ana daka a ƙauyen da ke gaba. Na ce wanga ai kiɗan makoki ne. Amma gyaren nan sai ya nutse cikinsa. Ranar na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Da munka dawo gida na haɗa shi da 'yar sifikata. Ku tuna Baba ya yi binne, gero na cikin ƙasa shina jiran ruwa, an fita roƙon ruwa an dawo, sama fes.

Bayan azahar na kunna a ɗaki na kwanta. Sai na ga Inna ta gifta da gudu da baho. Na leƙa. An kwashe shanya, an jera robobi ƙarƙashin indararo, maƙwabciyarmu na guɗa ta kan katanga. Baba na tsakar gida ba hula, ya kafe gabas da ido, shina faɗin "Alhamdu lillahi, rugugi ne, ku saurara!"

Ba ko ɗigon girgije.

Inna ce ta bi ƙarar har ƙofar ɗakina.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya dube ni, ya dubi sifikar, yac ce, "Kashe shi. Kar in ƙara jin shi gidan nan." Robobin nan shi ya kwashe su da kansa.

Na kashe. A lasifikar waya kuma gurnanin bai fita, sai tsuwa. Gyare ya dawo da ƙarfinsa. Barci ya ƙaura, abinci ya ƙi shiga, na koma matse kai tsakanin gwiwoyi ina kuka. Sankarau bai sa na roƙi mutuwa ba, wanga ya kusa.

Wata safiya Baba ya same ni haka. Sai ya zauna bakin tabarma.

"Dije, mi kike ji a ciki?"

Na ce gyare, Baba. Kukan nasa bai numfasawa.

"Shi kuma wancan abu shina kore shi?"

Na ce bai kore shi, rufe shi yake.

Yac ce in kunna. Ya saurara, kansa ƙasa, har bugun nan ya shigo. Sai ya miƙe shina kaɗe riga.

"Ki riƙa sha, magani ne. Amma duk sanda za ki kunna, ki fara leƙowa ki gaya mani. Kar in ɗaga kai ina neman hadari."

Haka muke yi yanzu. In ce, "Baba za ni kunna." Ya ce, "To, na ji, ba rugugi ba ne."

Ina barci, ina ci, na fara tsayawa a ƙafafuna. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Inna da ta kwana bisa siminti saboda ni, da ku masu addu'a.

Don Allah, in ciwon kai ya haɗu da zazzaɓi da sandarewar wuya, kar a tsaya jiƙo, a nufi asibiti a ranar. In an zo rigakafi ku miƙa hannu. Wanda ya tashi daga sankarau a gwada mashi kunne. Mai jin kuka a kunne kuma ba aljanu ba ne, ya ga likita.

In kun gan ni kasuwar Isa kun yi magana ban amsa ba, ba girman kai ba ne. Ku zagayo ta dama.