Gudumar Kawu Mai Tsumma

Kawuna magini ne, mutum mai ƙarar murya da buga ƙofa. Da aka ɗauke shi gyaran gidan kallon kifaye, sai ya lura duk sanda ya doka guduma a bango, kifayen da ke bayan gilashi suna tarwatsewa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya miƙa wa abokin aikinsa gudumar, shi kuma ya manna kunne a gilashin.

Ya ce, "Ashe haka suke jin mu? Kamar aradu a tsakiyar kai."

Tun ranar yake naɗe gudumarsa da tsumma, har a gida ya koma rufe ƙofa a hankali. Matarsa ta ce, "Malam, na yi ta faɗa har na gaji, ashe bakin kifi kake jira."