Gudumar Kawu a Kan Tsohon Siminti

Jiya ruwan sama ya cika tsakar gidanmu a unguwar Utaibiyya. Na dafa ginshiƙin barandar katakon da yarana ke wasa a samanta, ko gezau bai yi ba, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ranar kafa ginshiƙan, na riga na shata wuri huɗu a kan tsohon simintin. Kawu ya durƙusa yana ƙwanƙwasawa da guduma, kunnensa dab da ƙasa mai zafi. A na uku ya ɗago ya ce, "La, ya waladi, a'a ɗana, ƙarƙashin nan ba komai. Kada ka ɗora mini jikoki a kan rami."

Muka fasa, sai ga kogo. Hannuna ya shige har kafaɗa.

Allah Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi, Kawu.