Ramin Takin Yayana

Tumatir da barkono nake saye a lambunan Guci, in kai Dungas ranar kasuwa. Lambun da na fi ɗaukar kaya a cikinsa na yayana ne, da shi kuma yake ciyar da gidansa.

Wani rani tumatirinsa ya soma yin yaushi da tsakar rana, alhali ƙasar a jiƙe take. Ya tuge ɗaya, sai ga saiwar duk ƙullutu. Malamin gona ya zo bisa moto, wato babur, ya duba, ya ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Abin da zai rage ta, in ji shi, takin rami ne: kashin shanu da ganye da toka, a riƙa jiƙawa ana juyawa har ya ruɓe.

Na ce, "Malam, tsutsar ba a ganinta, maganin ba a sayensa. Kai ina taka ribar?"

Ya yi dariya. "Alhaji, ribata in huta da zuwa lambun nan."

Ban yarda da shi ba. Na sha ganin mai ba da ɗanɗano kyauta, ya dawo da buhu.

Yaya dai ya haƙa rami. Da shekara ta zagayo ya baza takin ko'ina, sai ciwon ya kama har fangalin da a da lafiyarsa lau. Ni na ce malamin ne ya shirya mu, yanzu zai zo da maganin kwalba. Yaya ya ce a'a, makiyayin da ya ba shi kashin shanun ne bai nufe shi da alheri ba, har ya daina amsa gaisuwarsa. Ya fara maganar barin lambun ya tafi cin rani Kano, da furfurarsa.

Ni ba na sayen kwando ban duba gindinsa ba, don haka na je ramin na tura hannu cikin ragowar takin. Sanyi ƙalau. Na jawo wani abu mai tauri: tsohuwar saiwar tumatir, da ƙullutunta.

"Yaya, wannan fa?"

"Ai ganye ya ce a sa."

"Wannan saiwa ce, mai ciwon ma."

"To zubarwa zan yi? A gidanmu ko ɓawon gyaɗa juji yake zuwa, kai ma ka sani."

"Ruwa fa, kana zubawa?"

Ya harare ni. "Ruwan da nake ja da guga zan shayar da kashin shanu?"

Da malamin ya dawo ya ce saiwar ƙonawa ake yi, ramin kuma sai ya yi zafin da hannu ba zai iya zama ciki ba. Na jira ya fito da kwalba. Bai fito da ita ba, amma duk da haka na ce a yi sabon taki yadda ya faɗa, a raba lambun biyu, a gwada shi a rabi.

Tumatirin rabin da ya sha sabon takin ya tsaya, bai yi yaushi ba. Mun tuge wasu, akwai ƙullutun, sai dai kaɗan, kuma ya yi ƴaƴa. Ɗaya rabin muka sa masa albasa.

Yaya bai je Kano ba. Ya aika wa makiyayin kwandon tumatir, ya roƙi amalanke biyu na kashin shanu.