Sikeli a Ƙofar Gayan

Mun bar Abuja da an idar da sallar asuba, ni da wani ƙanina da ya ce zai tuƙa ni. Hutuna ya zo ƙarshe, jibi zan koma bakin aiki. Ga waɗanda ba su sani ba, ni ne akanta a wani ofishin jakadancinmu da ke Turai: albashi, kuɗin haya, asibitin ma'aikata, tikitin zuwa gida, duk ta hannuna suke bi. Abokan aiki na kirana "Babu a Tsari", wai ita ce amsata ko gaishe ni aka yi.

Abin da ya kai ni Zariya saƙo ne. Matar wani ƙaramin ma'aikacinmu ta haihu can, haihuwar fari, ba uwa ba dangi a kusa. Mijin ya nemi ofis ya kawo surukarsa ta yi mata zaman jego, na duba na ce iyaye ba sa cikin waɗanda gwamnati ke ɗauka. Sai ya roƙe ni, tunda ina gida, in biya in karɓo musu kayan jego.

Hanyar Kaduna ta gwada mana hali, inda aka gyara kamar tabarma, inda ba a gyara ba sai salati. Mun karya da waina da miyar taushe bayan mun wuce Kaduna. Da mai wainar ta faɗi kuɗinta, ƙanina ya tambaye ta ko da nama a cikin ƙullun, ta ce ya je ya tambayi mai shinkafa.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga birni ta Ƙofar Gayan. Mota ta gaza da lungun, muka ajiye ta gindin wani masallaci muka taka. Almajiran ilimi manya zaune a zaure da littattafai, maɗinka na aikin hula a inuwa, kowa ka gaishe shi sai ya tambayi mutanen gidanku kamar ya san su. Wan maijegon ya tarbe mu, ya yi mana iso har tsakar gida.

Hajiya, uwar maijegon, dattijuwa ce marar yawan magana. Ta sa aka kawo fura, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyin ƙasar. Sunan 'yar bai fito daga bakinta ba, sai dai "su waccan". Daga nan aka jawo buhu: garin kunu, kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, busasshen ganye na wanka, turaren wuta. Kowanne an ƙulle shi daban.

A nan na tafka ta. Ina da ɗan sikelin rataya da ba na rabuwa da shi, don na sha faɗa da ma'aikata kan kuɗin kayan da suka wuce kima a jirgi. Hannuna ya riga hankalina. Na zaro shi, na rataya buhun a gaban tsohuwa, na ce ya yi nauyi, sai an rage. Ƙanina ya taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Hajiya ta matso. Ta kwance buhun ta fitar da kanwar, ta dube ni. Na sake ratayawa. Ta fitar da rabin garin, ta sake dubana. Haka muka yi ta yi har na ce ya isa. Ta ɗaure bakin buhun da kanta, ta yi mini addu'ar sauka lafiya.

Sai a zaure wan ya ce mini, cikin ladabi, ƙanwar tasa ita ce 'yar farin Hajiya, shi uba kawai suka haɗa, goyon kaka ce, kuma Hajiya na yi mata alkunya irin ta da. Ko a waya ba ta wuce "kuna lafiya". Tun da aka ce ciki ya tsufa take daka kayan nan da hannunta, ba ta yarda a kai inji ba. Abin da ba za ta iya faɗa mata ba, shi ne ta ƙulla.

Kunya ta rufe ni. Na koma ciki na durƙusa, na ce a mayar da komai, ni zan biya kuɗin nauyin daga aljihuna.

"A'a, Malam," in ji ta. "Ai an auna. Kada mu sa ka saɓa wa aikinka."

Na roƙa, wan ya sa baki, ta ce Allah ya yi albarka, ta shige ɗaka. Kanwar da garin na nan kan tabarma muka fito.

A hanyar dawowa ƙanina bai kunna rediyo ba, bai kuma tsokane ni ba, wanda ya fi mini ciwo. Mun iso Abuja da magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne dokar ofis tana da inda take tsayawa, kuma ni ban san wurin ba sai da na wuce shi. Zan iya sayen kanwa da gero a kowace kasuwa in cika buhun, amma ba dakan Hajiya ba ne. Jibi zan miƙa wa maijego saƙon uwarta, in gaya mata da bakina wanda ya rage shi.