Sunan da Saratu Ta Faɗa Sau Ɗaya

Waɗanda suka ci kasuwar Lolo a farkon shekarun mulkin kai ba su manta da Saratu mai nono ba. Bafillatana ce daga wata ruga a ƙasar Bagudo, doguwa, mai tafiya kamar tana tausayin ƙasa. Ranar kasuwa takan sauke ƙwaryarta a gindin tsamiya, ta buɗe faifai, sai hankalinta ya bi hanyar Dahome, inda mijinta Sambo yake kai shanu kiwo. Sau da yawa sai mai saye ya ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi kafin ta dawo.

'Ya'yanta huɗu, amma in an tambaye ta sai ta ce uku. Ba mantuwa ba ce. Batulu ce 'yar fari, kuma a al'adar mutanenta uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta nuna wa jama'a cewa nata ne. Tun da aka yaye Batulu aka miƙa ta ga kakarta, mahaifiyar Sambo. Yarinyar ta tashi tana kiran kakar Inna, tana kiran wadda ta haife ta Yaya. Saratu kuwa, in magana ta kama dole, sai ta ce "ɗiyar tsohuwa". Sai dai akwai wani ɗan curin man shanu da ba ya isa kasuwa. Kullum a akushin Batulu ake tarar da shi, kuma ba wanda ya taɓa ganin hannun da ya ajiye shi.

A daminar 1962, Batulu tana da shekara bakwai, muƙamuƙinta na hagu ya fara kumbura. Aka ce haƙori ne. Wanzami ya yi nasa, aka shafa abin shafawa, aka sha rubutu. Cikin mako uku kumburin ya tashi daga girman gauta ya wuce na goruba, haƙora suka fara girgiɗi. Sambo yana can hayin iyaka, tsohuwa kuma ƙafa ta ƙi. Saratu ce ta kai yarinyar wurin Malam Lauwali, mai kula da ɗakin shan magani na Lolo.

Malam Lauwali ya duba, sannan ya ciro wata takarda mai hotunan yara, kowanne da fuska irin ta Batulu.

"Ciwon daji ne," ya ce. "Da bara waccan ce, da haƙuri kaɗai zan ba ki. Amma likitocin wani babban asibiti a kudu suna gwada sabuwar allura, sun ce a aiko musu da irin waɗannan yara. Ba su yi alkawari ba, gwaji ne. Abin yana gudu, kada ki jira kasuwa ta zagayo."

Jirgin ruwa ya gangara da su ta kogin Kwara zuwa Yawuri. Ruwa ya cika ya batse, itatuwa suna tsaye cikinsa har wuya, balbelu suna bisa kamar tufafin da aka shanya aka manta. Saratu ta zauna da ɗan rata tsakaninta da yarinyar, saboda idon mutane, amma gefen zanenta ya rufe ƙafafun Batulu, kamar iska ce ta kai shi. Daga nan mota, daga mota jirgin ƙasa. Dawa ta ƙare a taga, kwakwa ta fara. Ita dai gani take kamar tana zaune wuri ɗaya, duniya ce ake janyewa.

A asibitin wani akawu ya tare su, mai Hausar kasuwa, da takarda a hannu.

"Ke ce mamanta?"

Ɗakin cike yake da mutane. Saratu ta sunkuyar da kai. "Ɗiyar tsohuwa ta."

Akawu ya juya ga yarinyar. "Ina mamanki?"

"Inna tana gida," in ji Batulu da ƙyar. "Wannan Yaya ce."

Ya rubuta abin da ya ji. Dokar likitocin kuwa ita ce, tun da maganin na gwaji ne, ba a yi wa yaro sai uwa ko uba ya ji bayani ya dangwala yatsa. Aka yanki ɗan nama daga kumburin don bincike, aka ba Batulu gado, aka aika wasiƙa Bagudo a nemo mahaifiya.

Kwana biyar Saratu tana zaune a barandar ɗakin yara tana jiran allura. Ta ɗauka haka aikin likita yake, kamar nono, sai ya kwana yake kamawa. Idon Batulu na hagu ya fara rufewa. Koko ma sai da cokali, kaɗan-kaɗan.

A rana ta shida da hantsi wani dattijo mai farar riga ya zo wucewa da faranti cike da ƙananan gilasai. Ya ga kitsonta da ƙwaryar da take wankewa, ya tsaya. Malam Ɗanliti ke nan, mutumin Argungu, wanda ya shekara goma sha ɗaya a ɗakin binciken asibitin.

"Bafillata, mi ya kawo ki ƙasar da ba saniya? Ko ɓata kika yi garin bin maraƙi?"

Jin harshen gida ya sa ta murmushi, karo na farko tun Lolo. "Ku masu kamun kifi ma kun zo, bare mu."

"Yarinyar gado na huɗu, tare kuke? Uwarta muke jira. Wace irin uwa ce wagga, ɗiya na cikin wannan hali ita tana zaune gida?"

Saratu ta ci gaba da wanke ƙwaryar da ta riga ta fita. Ya dubi hancinta, ya leƙa ta taga ya dubi na yarinyar, sai ya ajiye farantin a hankali.

"Inna lillahi. Ta fari ce?"

Ta kau da kai.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta biyo shi. A ɗakin bincike ya ɗora wani gilashi a ƙarƙashin madubin likita, ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Saratu ta leƙa. Abin da ta gani sama ce, shuɗiya mai duhu, da fararen ɗigo warwatse ko'ina, sak taurarin da suke bisa rugarsu bayan an ɗauke ruwa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ashe wannan duka yana cikin kuncin yarinyar da ba ta taɓa shafawa a gaban kowa ba.

"Yana da kyau," ta ce a hankali.

"Shi ne ciwon. Shuɗin nan da kike gani, kowace safiya ya fi na jiya yawa. Wasiƙa kuwa sai ta yi wata kafin ta iske Sambo. Ni na san kunya, ƙanwata, uwata ba ta taɓa kiran sunan wana ba har ta koma ga Allah. Amma takardar mutanen nan ba ta san ta ba. Ni ba zan iya faɗa a madadinki ba, daga bakinki suke so."

Da azahar likita ta zo zagaye, da nas-nas, da ɗalibai, da akawun nan. Malam Ɗanliti ya yi tafinta: allurar tana sa amai, tana iya raunana jini, wasu yaran sun tashi, wasu ba su tashi ba. Saratu ta saurara har ƙarshe. Sannan ta matsa jikin gadon, ta ɗora tafinta a kan yarinyar, kowa yana kallo.

"Ni na haife ta," ta ce. "Sunanta Batulu."

Yarinyar ta buɗe idon da ya rage tana dubanta. Saratu ta dangwala yatsa.

A kwana na huɗu bayan allura kumburin ya fara saki, kamar man shanu a rana. Kafin wata ya cika ido ya buɗe. Daga cikin yara tara na ɗakin, ba duka suka koma gida ba, kuma Saratu ta riƙe fuskokinsu har tsufanta. Batulu tana cikin waɗanda suka koma.

Shekara biyar a jere asibitin yana aiko ma'aikaci har Lolo, ya auna yarinyar, ya shafa muƙamuƙinta, ya rubuta. Yakan fara da gindin tsamiya, ya tambayi mai nono ina Batulu. Saratu takan gyara faifai, ta nuna hanya da leɓe.

"Ɗiyar tsohuwa? Tana can rijiya."