Kafaɗar Halliru

Shekara ashirin da biyar Nu'man yana zana jarumai a bayan manyan motocin da ke tsallakawa Nijar daga Illela. Direba zai kawo hotonsa, shi kuma ya ƙara masa ƙirji da damatsa har ya fi jarumin fim. Ni da nake maƙwabtaka da shagonsa, na sha yi masa faɗa cewa ƙarya yake sayarwa. Sai ya ce, "To mi za ni yi? Wa ke son a zana masa tumbinsa?"

Haka ya yi wa yayansa Halliru, ɗan dako a kasuwar albasa. Halliru siriri ne, buhu ya karkatar masa da kafaɗar hagu. Hoto ɗaya gare shi a duniya. Nu'man ya karɓa ya manna a bangon shago, ya zana shi a ƙofa da kafaɗu irin na ɗan kokawa. Halliru ya yi dariya har da hawaye. Hoton kuwa aka bar wa rana, ta cinye shi ya koma farar takarda.

Halliru ya rasu 'yarsa Raliya tana goye. Bara ta zo shagon ta ce, "Baffa, zana mini Baba yadda yake."

Kwana uku yana zanawa yana gogewa. Duk lokacin da ya zo kan kafaɗar, sai hannunsa ya miƙar da ita. A rana ta huɗu ya ajiye buroshi ya ce, "Raliya, hannuna bai san babanki ba."