Ƙarshen Fim a Bakin Kawu

Har yau in na ji warin sifirit, rumfar kawuna nake tunawa, can kusa da shingen kan iyaka a Jibiya. Da shi yake goge kan bidiyo kafin ya sa mana kaset bayan la'asar. Direbobi ke kawo masa kasetocin daga Maraɗi: fuskokin Amurkawa, bakinsu kuwa Faransanci. Kawu ba ya jin Faransanci, mu ma haka. Sai ya zauna gefen talabijin, kujerarsa na fuskantar shinge, yana fassara mana abin da ya ga dama, ko gezau.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa. Duk fim ɗin da ya ƙare jarumi ya kama hanya shi kaɗai, Kawu zai ce, "Ku kwantar da hankalinku, uwatai ya tahi gaidowa. Za ya komo."

Yarinta ba ta bar mu mun tuna da babban ɗansa ba, wanda ya ƙetare shingen nan wata damina ya nufi Agadas neman aiki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da na shiga jami'a, na ɗauki darasin tarihin finafinan Amurka na zamani. Malaminmu ya yi mana bayanin yadda masu shirya fim suka gaji da ƙarshe mai daɗi, suka fara barin jarumi ya tafi ke nan. Ranar da ya sa mana misali, nan take na gane shi: fim ɗin wani soja ne da muka sha kallo a rumfar Kawu. Babu wata uwa a labarin. Mutumin ajalinsa ya tafi tarba.

Na zo hutu kaina ya kumbura da boko. Na iske Kawu ya sa wa maƙwabta kaset ɗin, yana faɗin maganar tasa. A gabansu na ce, "Kawu, ba ya komowa fa. Mun karanta."

Ya daɗe yana dubana. "To, ɗan boko," ya ce, "kai ka sani."

Bai ƙara fassara fim ba. Ya rasu kafin in gama karatu.

Yanzu cajin waya ake yi a rumfar, kowa da fim ɗinsa a tafin hannu, an fassara masa daidai. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke cin raina shi ne maganar da matar Kawu ta faɗa mini ranar gaisuwa, ba da nufin zargi ba. Ta ce tun hutun nan da na zo ya juya kujerarsa, ya ba shinge baya.